Gawa Ta Tara

A kwarin da ke gindin dutsen Pehun, cikin ƙasar Fujian, zamanin da maza ke aske goshi su bar kitso guda a ƙeya, rafi ɗaya ne ke shayar da gonakin shinkafar dangi biyu. Dangin Yap suna sama, dangin Liau suna ƙasa. In ruwa ya wadata sai a yi auratayya, a ci kasuwa ɗaya, ana kiran juna suruki. In ya ja baya sai na sama su toshe madatsa, na ƙasa su wasa adduna. Haka suka tarar kakanninsu suna yi, kuma ba a taɓa jin wanda wannan gado ya ba kunya ba.

A gidan Yap aka haifi matar da ake wannan labari a kanta. Ita ce mace ta huɗu a jere, don haka ubanta ko leƙa ɗakin bai yi ba. Ya raɗa mata Bongyo, wato a dai rene ta haka nan, ya koma gonarsa. Ba a rubuta ta a kundin dangi ba, don 'ya mace ba ta shiga kundin gidan ubanta. Ba a ɗaure mata ƙafa ba kuma, don talaka ba ya nakasa mai yi masa noma. Ta tashi da manyan ƙafafu da ƙarfin kafaɗa, ga taurin kai da bulala ta kasa cirewa.

Tana shekara goma sha bakwai, a wata shekarar ruwa mai yawa, aka kai ta gidan Liau Bunhai, mutum mai fegi biyu na shinkafa da kunyar dankali a gangaren dutse. Daga ranar sunanta ya ɓace. 'Yar Yap ake ce mata, har ta haifi namiji aka sa masa Kimsui, sannan ta zama Innar Kimsui. A ranar ne dattawa suka buɗe kundin Liau suka rubuta a gefen sunan mijinta: matarsa, 'yar Yap. Layi ɗaya ne tak, kuma ba ta taɓa ganinsa da idonta ba, don a zauren kakanni kundin yake, mace kuwa ba ta tsallake dokin ƙofar wannan zaure.

Shekara bakwai da aurenta ruwa ya ɗauke. Mazan Liau suka haura da sassafe za su fasa madatsa, ashe mazan Yap suna kwance cikin rake suna jiransu. Kafin rana ta take an sauko da gawa shida. Bunhai yana ciki, amma shi gangar jiki kawai aka kawo a kan ƙyauren ƙofa. Kansa yana can bisa gora a bakin iyaka, hankaki na kewaya shi.

Mutum ba ya zuwa gaban kakanninsa da rabin jiki. Ba za su gane shi ba, ba za su matsa masa wurin zama ba. Kowa ya san wannan, amma jaruman da suka yi ta cika baki jiya duk sun sunkuyar da kai, don namijin Liau da ya taka iyaka a ranar, kansa ne zai zama na biyu a kan gorar. Bongyo ta ɗauki kwando, da cikinta na wata bakwai, ta haura. Babu wanda ya ɗaga mata mashi, don ko an ƙi ko an so cikinsu ta fito. Wanta Tekseng ne ya sauko da kan ya jefa mata a kwandon.

"Ɗauki ki tafi," in ji shi. "Kada ki tsaya yi mana kuka a nan. Kukan Liau ba ya shiga kunnenmu."

Ba ta yi kukan ba. Ta dawo gida ta wanke kan da ruwan ɗumi, ta ɗauko basillar ɗinkin takalmi da zaren rama, ta mayar da shi mazauninsa. Ɗinkin ya yi kyau har in an ja wuyan riga ba ka ganin komai. Washegari wata bazawara ta zo ta durƙusa a ƙofarta, nata mijin hannu ne ya ɓata. Bayanta wata ta zo. Da haka Bongyo ta sami sana'ar da babu mai yi mata hassada a kai. Ita ce ke tsallake iyaka ta karɓo abin da aka yanke, ita ce ke ɗinke shi, na Liau da na Yap duka, don su ma na sama suna da matattu kuma ba su da mai irin hannunta.

Godiyar da ta samu ba ta da yawa. In ta haura, samarin Yap su ce ga karyar Liau ta zo kwasar ƙashi. In ta sauko, matan Liau su rage murya a bakin rijiya, wata ta ce, "Ku yi a hankali, jinin Yap ne, ko ta shekara ɗari a nan." Ita kuwa takan amsa, "Ranar da aka kawo naki a kwando biyu, kin san ƙofata." Ba ta da daɗin baki, gaskiya, amma wa ya taɓa ba ta abin da za ta yi daɗin baki a kansa?

Cikin da take ɗauke da shi a lokacin, mace ta haifa, Hiok. Da dankali da ganyen da aka tsuma a gishiri ta reni yaran biyu. Kimsui ya tashi dogo, mai sanyin hali kamar ubansa, wanda ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai. Hiok ce ta ɗauko uwar, ga baki ga dariya mai ƙarfi. Da ita kaɗai Bongyo ke yin raha. Yarinyar takan ce, "Inna, in na yi aure ki ɗinka min riga, amma ba da wannan basillar ba, kada angon ya gudu."

Fari ya dawo Hiok tana shekara goma sha bakwai. Rafin ya zama kamar zare, shinkafa ta fara ƙonewa a tsaye. Wata rana da hantsi ta ɗauki kunun shinkafa za ta kai wa Kimsui, wanda aka sa gadin kwalbatin ruwa kusa da iyaka. Ta iske ba ya nan, ya gangara kiran wasu. Tana tsaye da tukunya a hannu samarin Yap biyar suka fito daga rake. Na gabansu Bengho ne, ɗan Tekseng.

Masu aikin gona da suka hango daga nesa sun ce sun ji muryarta. "Yaya Bengho, ni ce fa, Hiok, 'yar gwaggonka!" Ya soke ta da mashin gora a ciki, ya murɗa, ya sa ƙafa ya ture ta cikin kwalbatin. Ɗan ruwan da ya gangaro gonakin Liau a ranar ja ne.

Bongyo ta ɗinke cikin 'yarta da hannunta. Wannan karon sau biyu basillar tana shiga yatsanta. Aka binne Hiok a gefen gonar rake, ba allon sunan mamaci ba turare, don budurwa ba ta da wuri a teburin kakannin ubanta, kuma ba ta kai ga samun na miji ba. Dattawan Liau sun fusata ƙwarai, amma da za ka saurare su da kyau, kwalbatin ne aka taɓa musu.

Kwana arba'in aka yi ana kashe juna. Liau suka ƙone raken Yap da mutum biyu a ciki. Yap suka kama wani tsohon Liau a hanyar kasuwa suka farfasa masa gwiwoyi da fartanya kafin su yanke wuyansa. Liau suka tone kabarin kakan Yap na biyar suka watsa wa karnuka ƙasusuwan. Aka ciro tsofaffin bindigogi masu cin albarushi, ɗaya ta fashe ta cire wa mai ita fuska. Bongyo ta yi ta hawa da sauka da kwandonta har zaren rama ya ƙare a garin, ta koma warware tsohuwar igiya.

Ba tausayi ne ya tsayar da faɗan ba. Labari ne ya zo cewa alƙalin gunduma zai turo sojoji, sojoji kuwa in sun zo ba sa tambayar wa ya fara, aladun kowa suke ci, matan kowa suke taɓawa. Nan da nan dangin biyu suka tuna suna da hankali. Aka kira Malam Sim, wani tsoho mai karatu daga kwarin gaba, wanda ba shi da jini a ko'ina kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Sulhu a wajenmu ba shi da wuya. Gawa ake jerawa da gawa, wannan ta goge waccan. In ɓangare ɗaya ya kashe fiye, sai ya fitar da mutum ɗaya daga cikinsa a kan kowace gawar da ta yi saura, a miƙa shi ga alƙali a ce shi ne mai laifin duka, a sare kansa a birni, takarda ta rufe. Malam Sim ya zauna a zauren Liau da kundin dangin biyu a gabansa, mata suna cunkushe a tsakar gida suna leƙe. Ya karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. Matattun Yap tara. Matattun Liau takwas.

"Tara ne!" Bongyo ce ta yi ihu daga bakin ƙofa. "Da Hiok tara!"

Baffa Chinpo, babban dattijon Liau, ya juyo da gemunsa mai gashi bakwai. "Wace ce ke haushi a ƙofar kakanni?"

"Ni ce, Baffa. 'Yata ce aka fara kashewa. Kun manta a kanta kuka ce kun ɗauki makami?"

Malam Sim ya dube ta, ba da fushi ba. Ya ɗora tafin hannu a kan kundin. "Baiwar Allah, wanda ke cikin littafi shi ake ƙirgawa. Na duba, ban gan ta ba."

"To ku rubuta ta yanzu. Ga tawada nan a gabanku."

Maza suka yi dariya, dariyar gaske, har wani yana buga cinya. Aka sa matasa biyu suka janye ta.

Kafin la'asar dattawa sun zaɓi wanda za a bayar, kuma ba su sha wahalar zaɓen ba. 'Ya'yan masu gonaki suna da iyaye masu murya. Kimsui maraya ne daga reshe mafi talauci, kuma uwarsa 'yar Yap ce. Cikin kwana arba'in ɗin nan bai kashe ko ɓera ba, amma wannan ba ya cikin tambaya. Baffa Chinpo da kansa ya zo gidan, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a tsakar gida yana toshe hanci.

"An girmama gidanku," ya ce. "Allonsa zai hau layin jarumai, da ruwan zinariya. Duk shekara kason naman alade biyu za a kawo miki. Jibi za a kai shi birni."

"Naman in ci da wa, Baffa?"

"Ke dai ba ki iya godiya ba. Irin naku ke nan."

Da ya fita, Kimsui ya zauna a kan turmi yana kallon hannayensa. Shekararsa ashirin da biyu, bai yi aure ba, bai ajiye kowa ba. Ya yi ƙoƙarin yin murmushi.

"Inna, ki bar shi. In na gudu za su rushe gidan nan a kanki, su fitar da allon Baba su ƙone. An ce mai saran birni gwani ne, sara ɗaya yake yi." Ya ɗago ya dube ta. "Ke dai ki zo ki karɓo ni. Ki yi min irin na Baba, wanda ba a gani."

"Rufe min baki," ta ce. "Ci abincinka."

Tsoro ne ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta je karɓo kan mijinta. Ta ɗinka uba, ta ɗinka 'ya, kuma ta san in ta ɗinka wannan babu sauran abin da ya rage nata a duniya. Tana wanke kwanoni tana juya maganar Malam Sim: wanda ke cikin littafi shi ake ƙirgawa. Sai ta tuna wata tsohuwa da ta ɗinka a faɗan farko, wadda harsashi ya samu a bakin rijiya. An ƙirga ta a sulhun wancan karon, an goge namiji guda da ita, saboda ta haifi maza kuma tana cikin kundi a gefen mijinta. Bongyo ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ita ma tana da layi ɗaya.

Amma ta san mutanen gidan ubanta. In dangi suka kashe nasu, hukuncin cikin gida ne, babu mai ƙirga shi. Za su ce 'yarsu ce suka hora. Dole sai sun faɗa da bakinsu, a gaban wanda ba a musa wa, cewa ba tasu ba ce.

Washegari Yap suna bikin godiya ga kakanni, kuma Malam Sim ne babban baƙonsu. Bongyo ta wanke kanta, ta sa rigar da aka kawo ta da ita gidan miji, wadda yanzu ta matse ta a kafaɗa. Ta soke basillarta a jikin ginshiƙin ɗaki inda Kimsui zai gani. Ta ce masa za ta je roƙon kawunsa. Ta haura ba kwando.

Ta iske tsakar zauren Yap cike da maza, an gasa aladu uku, giyar shinkafa ta fara aiki. Can ciki allunan kakanni suna jere hawa-hawa, a gabansu ga babban kaskon turare wanda kakan farko ya taho da shi daga arewa. Tokar da ke cikinsa ta shekara ɗari uku ba a taɓa zubar da ita ba. Tekseng, wanda yanzu shi ne babban dangi, yana zaune kusa da Malam Sim. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, na zo roƙo. Kimsui ɗan ƙanwarka ne. Ka yafe gawa ɗaya."

"Ƙanwata?" Tekseng ya dubi jama'a. "Ku kun san ina da ƙanwa a nan?"

Aka bushe da dariya. Bengho ya jefo mata ƙashi. "Ungo, Gwaggo, yau ba sai kin nema ba."

"Ciki ɗaya muka fito, Yaya," ta ce, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ni ba 'yar gidan nan ba ce? Faɗa min a gaban Malam, ni ta wace ce?"

"Ta Liau ce ke!" Ya buga tebur. "Tun ranar da aka ɗauke ki daga gidan nan kika zama tasu, rayayya da matacciya. Duba kundinmu, ko ɗigon tawada ba ki da shi. Malam, ka shaida, wannan matar ba mu haɗa komai da ita ba."

"Na ji," in ji Malam Sim.

Bongyo ta miƙe. Ta ɗaga babbar ƙafarta ta tsallake dokin ƙofar da babu macen da ta taɓa tsallakewa. Mamaki ya daskarar da su, kuma kafin su farfaɗo ta isa teburin. Ta rungumi kaskon da hannu biyu, hannayen da suka saba ɗaukar gawa, ta ɗaga shi ta maka a ƙasa. Ya tarwatse. Toka ta turnuƙe zauren, ta sa hannu ta share layin alluna na ƙasa suka zube kamar itace.

Tekseng ba wawa ba ne. Ta ga lokacin da ya gane, ta ga bakinsa ya buɗe. "Kada ku taɓa ta! Kai, Bengho, tsaya!"

Ya makara. Wuƙar yankan alade ce a hannun Bengho, ita ya fara luma mata a ƙarƙashin haƙarƙari. Wani ya sauke mata benci a ka. Sauran suka rufe ta da ƙafa da adda da duk abin da hannu ya samu, suna ihu, suna zamewa a cikin toka da jini. Ba ta kare kanta ba. Da ƙyar Tekseng ya ratsa su yana duka hagu da dama, ya iske ta a kife, idonta ɗaya a buɗe yana kallon Malam Sim.

Tekseng ya goge fuska, ya juya ga Malam Sim. "Malam, wannan maganar cikin gida ce. 'Yarmu ce ta yi wa kakanni rashin kunya, muka hukunta ta."

"Ko giyar da ke gabana ban shanye ba tun da ka ce in shaida," in ji tsohon. "Tana cikin kundin Liau, jiya na gani da idona. Matar Bunhai, uwar namiji." Ya ciro takardar sulhu daga hannun rigarsa, ya nemi tawada. "Tara da tara. Ba a bin kowa kai."

Babu mai tsallake iyaka ya karɓo ta, don mai yin wannan aikin ita ce a kwance. Tekseng ne ya sa aka ɗora ta a ƙyaure aka ajiye a bakin kwalbatin da aka kashe Hiok, suka juya da sauri. Kimsui ya goyo ta a bayansa har gida. Ya zare basillar daga ginshiƙi, ya warware igiyar guga, ya zauna. Mutumin da ba ya iya kallon yankan kaza ya wuni yana haɗa uwarsa. Ɗinkin ya karkace, ya warware ya sake, har sau uku, kuma duk da haka ana gani.

Baffa Chinpo ya aiko da kason nama ɗaya, tunda ba jaruma ba ce. A allonta aka rubuta abin da ke cikin kundi, 'yar Yap, don a duk garin Liau ba a sami wanda ya san sunanta ba. Kimsui ma sai da ya tsufa ya ji shi, daga bakin wata yayarta da aka aurar a bayan dutse.

Ya yi aure, ya haifi maza uku da mata biyu, ya kai shekara saba'in da ɗaya. Takardar sulhun tana rataye a zauren Liau, kuma duk bikin bazara in an gama rabon nama akan karanta ta don yara su san tarihi. Duk shekara, in mai karatu ya kai wurin da aka ce tara da tara, sai a ji muryar Kimsui daga layin baya, inda talakawa ke zama.

"Goma ne," yakan ce. "Ba ku ƙirga Hiok ba."